Tabon Goshin Alhaji Sodangi

Alhaji Sodangi, ɗan takarar majalisa, ya dubi madubi ya kurma ihu. Baƙin tabon goshinsa ya saɓule, sai jar fata, ga zaɓe saura kwana shida.

Matarsa Rahamatu ta ci gaba da tankaɗe. Ita ta sayo maganin saɓule tabon fuska a kasuwar Bodinga, ta shafa masa shekaranjiya yana barcin rana.

"Kin kashe ni! Shaidar sujadar shekara arba'in! Da mi za ni tsaya gaban mutanen Danchadi?"

Ta dangwarar da rariya, ranta na tafasa.

"Arba'in, Alhaji? Tun da anka kaɗa gangar siyasa nike neman dutsen goge kaushina. Ran Juma'a na ishe ka makewayi kana dirzar goshi da shi."