Abin da Matan Kambo Suka Zaɓa

Ranar da 'yarsa ta karɓi takardar shahadar zama likita a Khartum, gidansa na unguwar Dar Salam ya cika maƙil. Tsofaffin da suka yi tsinkar auduga tare a gonakin Jazira sai yabonsa suke yi, wai shi ya tsaya gaban jami'in gwamnati har aka gina wa kambonsu, wato zangon 'yan ƙwadago, makaranta.

Da baƙi suka ragu, ta kawo masa shayi, ta zauna gefen tabarma.

"Baba, na ji an ce zaɓi aka ba ku, makaranta ko ɗakin magani. Da maganin aka ɗauka, da Inna ba ta cika a keken jaki ba ranar haihuwata. Me ya sa mata suka yi shiru?"

Ya ajiye kofin.

Yana ganin matan har yanzu, ranar da jami'in ya zo, tsaye bakin magudanar ruwa, matarsa a gaba goye da ɗansu na fari, murya ɗaya suna cewa magani. Jami'in ba ya jin Hausa, duk kambon kuwa shi kaɗai ya iya Larabci, shi ne tafinta. Ya dubi yaron da ke goye, ya dubi tsagaggun hannayensa, sai ya matsa, ya rage murya, ya ce wa jami'in makaranta suke so. Jami'in ya rubuta. Matarsa ta rangaɗa guɗa, tana zaton an ji kukansu.

"Ba su yi shiru ba, 'yata," ya ce. "Ni ne bakinsu a ranar."