Igiyar Injin Baba

Ranar da Baba ya ɗaura wa kwalekwalenmu inji a bakin ruwan Wara, masunta sun taru suna kallo, amma ni ya kira in tayar. Ya naɗa wata farar igiya a kan injin, ya danƙa mini bakinta.

"Da Turanci kod ake ce mata," in ji shi. "Kada ka naɗe ta a hannu. Fizge ta da zuciya ɗaya."

Na fizga, na faɗa kwandon kifi. Injin ya yi tari, ya kama ruri. Ina tsalle, Inna tana rangaɗa guɗa daga tudu.

Har yau in na ja igiyar janareta, sai in ji ƙarnin kifin nan, in waiga neman dariyar Baba.