Sunan Aro

"Ka zauna jarrabawar nan, ka ci," in ji dagaci, yana miƙo masa fom ɗin shiga jami'a. "Ɗana ne zai tafi. Ai sunansa ne a jikin takardunka."

Malamin yana tsaye a ƙofar ajinsa, alli ya karye a hannunsa.

Shekara goma sha takwas ke nan da aka aiko daga Gumel cewa dagaci ya ba da ɗa guda a sa shi boko. Dagaci ya ɓoye nasa a rumbu, ya sa aka kamo ɗan mai yi masa noma, aka rubuta shi da sunan ɗan gida. Uwarsa ta bi dogari da kuka har bayan gari. Da sunan nan ya sha bulala, da shi ya zama malami.

"Ranka ya daɗe, lokacin da boko take wuta, ni kuka jefa ciki. Yanzu da ta dafa tuwo, kun zo da akushi?"

"Kai! Ka san da wa kake magana!" in ji dagaci.

Malamin ya fizge fom ɗin zai yaga, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan fili a kusurwa, wurin manna hoto.

Ranar Alhamis ya shiga kasuwar Maigatari, ya zauna gaban mai hoto.

"Matso da akwatin hoton nan kusa," ya ce. "So nake zanen gidan ubana ya fito raɗau a kumatuna."