Sakan Huɗu na Wilf

Sakan huɗu kawai suka nuna shi. Ina zaune da kofin shayi, ina kallon shirin nan na tarihin yaƙin duniya da ake sawa a talabijin duk mako. Mai bayani ya ce sojojinmu sun ƙwace wani gari a Holan a watan Nuwamba na 1944. Sai ga taron jama'a suna ɗaga hannu, a tsakiyarsu ga Wilf mijina, ba hula, ya naɗe hannun riga, yana rungume da wani jariri yana dariya. Kafin in ajiye kofin an wuce.

A wannan watan na Nuwamba ne aka kawo mini takarda cewa ya ɓace a fagen daga, ana kyautata zaton ya mutu. Yau kusan shekara talatin. Hotonsa ɗaya ne, na ranar aurenmu, shi ma ya ƙone lokacin da bam ya faɗa layinmu a garin Hull. Muka ce sai an gama yaƙi mu ɗauki wani. 'Yarmu Maureen ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, da cikinta ya bar ni. Ga shi ƙarshen wata za ta ƙaura Ostireliya da mijinta, ban san ko zan ƙara ganin ta ba. Ba ni da abin ba ta sai wannan fuska.

Yayata Doreen ta taɓe baki. "Ke Hilda, duk mai kunnuwa kamar hannun tukunya Wilf ne a wurinki. Da kin auri Stanley mahauci sanda yake binki, da yanzu nama kike ci, ba kallon matattu ba."

Na rubuta wa gidan talabijin wasiƙa uku, shiru. Na buga waya, wata yarinya ta ce ba su san ranar da za a maimaita ba. Saura kwana tara Maureen ta tafi na hau jirgin ƙasa zuwa Landan. Kwana biyu ina zaune a bakin ƙofarsu, mai gadi yana kora ina dawowa. A rana ta uku wani mai furfura, Mista Pargeter, wanda aikinsa tono musu tsofaffin finafinai, ya tsaya a kaina.

"Mama, za ki kashe kanki da sanyi. Taso."

Ya kai ni wani ɗaki cike da gwangwanayen fim, ya ɗora ɗaya a kan na'ura mai ɗan gilashi, yana juyawa a hankali har na ce ya tsaya.

Shi ne. Kunnuwan, da haƙorin da ya guntule a wajen ƙwallo. Wilf da ko da rani sai ya sa suwaita, ga shi da riga ɗaya a ƙarƙashin bishiya mai fure, murna ta hana shi jin sanyi. Wata mata a gefensa tana gyara wa jaririn hula. Dama shi akwai son yara. Na dafa gilashin na yi kukan da ban samu kabarin da zan yi a kansa ba.

Mista Pargeter ya ce zai wanke mini hoto biyu. Na roƙe shi ya rubuta ranar a baya, don Maureen ta san kwana nawa ya rage wa ubanta a lokacin.

Ya juya gwangwanin, ya sosa ƙeya.

"Wannan ya tsaya tsakaninmu, Mama. Ranar da aka ƙwace garin mai kyamara bai iso ba, sai muka cike gurbin da wannan. Ai ba soja ko ɗaya a ciki, duk mazauna garin ne da iyalansu, a bikin tunawa da ƙarshen yaƙi." Ya karanta takardar da ke manne a murfin. "Watan Mayu, 1946."