Rijiyoyi Bakwai na Ƙetaren Kogi

Tunda ka kama aikin bincike, bari in ba ka misali. An yi wani malamin jami'a da aka ɗora wa gwada ruwan rijiyoyi arba'in a karkara, a san wanda ya kamata a sha. Ya yi talatin da uku, sai damina ta kankama, kogi ya kawo, bakwai suka rage a ƙetare. Ga shi saura mako biyu a rufe karɓar takardun ƙarin girma. Abokiyar aikinsa ta ce ya jira ruwa ya janye, ita ma haka ta yi bara har aka tsallake ta. Shi kuwa a ransa wanda ya jira shi ne wawa. Ya dubi sakamakon rijiyoyin maƙwabta, ya rage nan, ya ƙara can, ya cike gurbi bakwai da alƙalami. Aka buga aikin, aka yaba, aka ƙara masa girma.

Daga ranar bai sake cin tuwo ya ji daɗinsa ba. In ɗalibi ya ƙwanƙwasa ƙofa, gabansa ya faɗi. In ya ji an ce gudawa ta ɓarke a wani ƙauye, sai ya lallaɓa ya duba taswira, ko cikin bakwai ɗin nan ne, don ya rubuta cewa ruwansu garau yake. Ya daina bari kowa ya taɓa kundinsa. Sabon bincike ma ya gagare shi, domin duk lambar da ya rubuta sai ya ga kamar tana harararsa. Bayan shekara biyu aka gayyace shi taro ya yi bayani. Da ya gama, wata dattijuwar likita ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, rijiyoyin nan na ƙetaren kogi…” Bai bari ta kai aya ba, ya ce, “Ban je ba. Wallahi ban je ba.” Ashe baiwar Allah asibitinta ne a yankin, kwafin takardar kawai take so ta roƙa, ta manna a bango don jama'a su sha ruwa hankali kwance.

Ka ga, ba wanda ya kama shi. Shi ya sa Hausawa ke cewa, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.