Jaririyar da Nidal Ya Kawo

Rula Kasim, fitacciyar mai gabatar da shirin safe a talabijin, ta goge hotunan jaririyar da take riƙo daga shafinta ranar Juma'a a Amman. Masu bibiyarta suka ce dama riƙon na neman suna ne.

Mijinta Nidal ne ya kawo yarinyar daga Sarayebo, inda yake kasuwanci, ya ce marainiya ce. Rula ta karɓa hannu bibbiyu. Abin da ya rage shi ne ƙanwarsa Suhad, mai goyo, ta shayar da ita don ta zama muharramarsa.

Ran nan bayan cin abincin rana, Suhad ta miƙo hannu za ta karɓi jaririyar. Surukar Rula, wadda ko ɗankwali ya zame sai ta yi wa'azi, ta tare ta.

"Bar wahalar da kanki, ba sai an shayar ba."

Rula ta yi dariya. "Umma, yau ke ce da sassauci? In ta balaga fa, lulluɓi za ta riƙa yi wa Nidal?"

"Haba 'yata, me nono zai ƙara wa jini?" in ji tsohuwar, sannan ta dafe bakinta.

Nidal ya tashi, wai zai amsa waya. Jaririyar tana hannun Rula. Shi kuwa har yau bai dawo ba.