Shatin Hannu a Bakin Tulu

Da tsohon ya ɗaga tulun irin gero ya ji babu nauyi, ga damina ta gabato, sai ya dubi lakar da ya yaɓe bakin tulun da ita, ya danna hannunsa a kai, tun kaka. Shatin hannun da ke jikinta ba nasa ba ne.

'Yarsa da ta zo hutu daga jami'a tana tsaye a bakin ƙofa. Jiya take ba shi labarin karatunta na kwantum: saƙon da ake ɗora wa ƙwayar haske, duk wanda ya leƙa sai ya ɓata shi, masu saƙon su gane.

Ta ce, "Baba, an buɗe. Dabararka irin tamu ce. A kai ƙara wurin mai unguwa."

"To ku, in kun gane an leƙa, me kuke yi?"

"Mu watsar da saƙon, mu sake wani."

Ya ƙara duban shatin. Yatsu huɗu ne. Ƙanensa ne lauje ya cire wa ɗaya tun suna yara, kuma yau kwana uku ba a hura wuta a gidan ƙanen ba.

Ya ce, "Ashe ba kwa cigiyar mai leƙen. Miƙo mini ruwa."

Ya jiƙa lakar, ya danna tafin hannunsa a kai.